Maigidana na wankin ƙoda, jininsa sai raguwa yake, laifin ya dawo kaina

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ɗan shekara 47 ne, hawan jini ya taɓa masa ƙoda, tun bara ake masa wankin ƙoda sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya idan kuɗi ya yanke. Abin da ya hana mu sakat shi ne jini. A ƙara masa leda biyu, awon yawan jini, wato PCV, ya hau 27, kafin wata biyu ya dawo 21. Hawa benen asibiti ma sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Da dare ƙafafunsa ba sa barinsa ya runtsa, har wani mai kemis ya ba shi Diclofenac yana sha. Ƙwayar ƙarin jini kuwa ya daɗe yana shan ta da shayin safe, ba abin da ta tsinana sai taurin bayan gida da mayar da bayan gidan baƙi.

Likitansa ya rubuta allurar sinadarin ƙarfe ta jijiya da wata allura wai EPO. Yayansa Alhaji, wanda ke ɗauke da yawancin kuɗin, ya nuna wa wani abokinsa takardar gwaji, aka ce masa feritin 380 ya ma fi na mai lafiya, don haka ba ƙarfe ya rasa ba, cin kuɗi ne kawai. Ya ce a ci gaba da ƙarin jini tunda shi ake gani a ido. A takardar akwai wani TSAT 15%, ba wanda ya yi mana bayaninsa. Hajiya mahaifiyarsa kuma ta ce girkina ne. Kullum tana aiko da hanta, ruwan zogale, dabino, da Maltina haɗe da madara. In na ce likita ya hana, sai ta ce so nake in ƙarasa mata ɗa da yunwa. Ƙaninsa ya ce zai ba shi ƙoda in Allah ya hore kuɗin dashe. Shi maigidan ya daina magana, duk abin da aka ce sai ya ce to. Likita, wa zan bi? Ko da gaske sakacina ne?

Uwargida, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na san ita ke ci miki rai: ba sakacinki ba ne. Ko ke ce kika fi kowa iya girki a Kaduna, tukunya ba za ta hana jinin mai wankin ƙoda raguwa ba. Zan nuna miki dalili ta yadda ke ma za ki iya maimaita shi.

Amma akwai abin da ba zai jira bayani ba. Diclofenac ɗin nan ya tsaya daga yau. Shi da danginsa irin su Ibuprofen suna cin fatar ciki su jawo zubar jini a ɓoye, suna ta da hawan jini, suna kuma ƙarasa ɗan abin da ya rage na aikin ƙoda. Ga shi a wajen wanki ana saka hefarin don kada jini ya yi gudaji a cikin na'ura, ƙaramin gyambo a ciki sai ya yi ta tsiyaya. Kin ce bayan gidansa ya yi baƙi. Ƙwayar ƙarfe tana yin haka, amma jinin da ya zuba daga ciki ma baƙi yake fitowa. Na ƙwaya yakan zo da tauri, baƙi-baƙi mai ɗan kore. Na jini kuwa baƙi ƙirin ne, mai danƙo, da wari mai tsanani. Ki faɗa wa likitansa da bakinki a zama na gaba, kada ki bar wa maigida, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Mutumin da leda biyu ke ɓacewa a jikinsa cikin wata biyu, dole a bincika ko akwai inda jini ke fita. Ƙafafun nan kuma, idan irin wanda sai ya motsa su yake jin sauƙi ne, ba ciwon da Diclofenac ke magani ba ne. Abu ne sananne ga masu wankin ƙoda, kuma ƙarancin ƙarfe na cikin abin da ke ta'azzara shi.

To, jini. A ɓargon ƙashi ake yin sa, kuma ɓargo na buƙatar abu biyu: umarni da kayan aiki. Umarnin daga ƙoda yake zuwa. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da wani sinadari, eritirofoyetin, wanda ake taƙaitawa EPO, shi ke ce wa ɓargo ya yi aiki. Ƙoda ta gaza, umarni ya yi rauni. Allurar EPO da aka rubuta madadinsa ce. Kayan aikin kuma shi ne ƙarfe. Jikin babban mutum na ɗauke da giram 3 zuwa 4 nasa, kusan kashi biyu cikin uku a jajayen ƙwayoyin jini. Daga abinci kuwa miligiram 1 zuwa 2 kacal hanji ke tsotsa a rana, alhali ɓargo na cin 20 zuwa 25. Ragowar daga tsofaffin ƙwayoyin jini ake samu: ƙwaya ta yi kwana 120 ta tsufa, saifa da hanta su kwance ta, su mayar wa ɓargo da ƙarfen. A jikin mai ciwon ƙoda ƙwayar ba ta kai wannan kwanakin. Sannan kowane zaman wanki ana barin ɗan jini a cikin matatar na'urar da robobinta, ga wanda ake ɗiba don gwaji, ga na wurin allura. A shekara abin kan kai giram 1 na ƙarfe ko fiye. Ki yi lissafin da kanki: miligiram 1 ko 2 a rana, ko hanjin na aiki daidai, da ƙyar zai bi sawun wannan asarar.

Kuma hanjin ba ya aiki daidai. Hanta na fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda masana ba su gano shi ba sai a farkon shekarun 2000. Aikinsa rufe ƙofa. Idan ya yi yawa, ƙarfen abinci ba ya wucewa daga hanji zuwa jini, wanda ke ajiye a hanta da saifa ma ba ya fitowa. Allah ya yi shi da hikima, don idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, ɓoye ƙarfe na rage musu ƙarfi. Sai dai ƙoda ce ke taimakawa wajen fitar da hefsidin ta fitsari, kuma ciwon ƙoda da wankin kansa suna barin jiki cikin wani irin kumburi na ciki da ba a gani, wanda ke ƙara zuga hanta. Sai ƙofa ta zauna a rufe. Wannan ne ya sa ƙwayar da ya daɗe yana sha take wucewa ta hanji ta fita, ta bar masa taurin ciki. Shayin safen ma ya ƙara dagula lamarin, don ganyen shayi na kama ƙarfe, haka madara, haka ƙwayar kalsiyam da ake ba masu wanki su sha da abinci.

Yanzu mu koma kan takardar Alhaji. Ki ɗauka rumbu ne da hatsi a ciki, an danna masa kwado, matan gida na tsakar gida da tukunya a kan wuta. Feritin leƙen rumbu ne. TSAT kuwa shi ne abin da ya iso turmi, wato ƙarfen da ke yawo cikin jini a hanyarsa ta zuwa ɓargo. Abokin Alhaji ya leƙa rumbu, ya ce babu yunwa a gidan. Bai yi ƙarya ba, ga mai lafiyar ƙoda 380 ya wadatar. Layin da ke ƙasa ne bai karanta ba. TSAT da ya gaza 20% na nuna ɓargo na cikin rashi, na maigida kuwa 15 ne. Feritin ɗin ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta, kumburin da na ambata, da ledojin jinin da aka yi ta ƙara masa duk suna ɗaga shi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, KDIGO, ta fitar a 2012 ta ce a gwada ba da ƙarfe idan TSAT bai wuce 30% ba kuma feritin bai wuce 500 ba, ga masu wanki kuma ta jijiya. Lambobin maigida duka biyu suna ciki. Ni ban duba shi ba, likitan da ke ganinsa shi ke da hukunci, amma daga abin da kika rubuto ban ga cin kuɗi a takardar nan ba. Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne bayani, kuma haƙƙinku ne ku nema.

Allurar jijiya tana tsallake hanji. EPO kuma idan ta ta da ɓargo, hefsidin kan sassauta, don haka su biyun suna taimakon juna. An gwada wannan sosai. A Birtaniya an yi wani bincike mai suna PIVOTAL a kan masu wankin ƙoda 2,141, aka wallafa shi a 2019. Wani rukuni ana ba su miligiram 400 duk wata tun kafin ƙarfen ya ƙare, sai in feritin ya haura 700 ko TSAT ya kai 40% a dakata. Ɗaya rukunin sai ya yi ƙasa sosai ake ba su. Rukunin farko sun fi ƙarancin bugun zuciya da kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya, sun buƙaci EPO kaɗan da ƙarin jini kaɗan, kamuwa da cututtuka kuma bai ƙaru ba. Wannan raguwar EPO ita ce za ta fi shiga kunnen mai biyan kuɗi.

Alhaji kuwa, don Allah kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ke fitar da kuɗin wanki mako bayan mako, da nasa iyalin a wuya, dole ya tambayi inda kowace naira ke tafiya. Maganarsa ma ba ta rasa tushe ba: leda ana saka ta yau, gobe fuska ta washe, allura sai an yi makonni kafin a ga motsi. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne abin da ledar ke ci a gaba. Duk jinin wani da ya shiga jikin maigida na iya sa garkuwar jikinsa ta ƙera makamai a kan abin da ba nata ba. Ranar da aka je gwajin dacewa don dashe, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ya fara dashen ƙoda tun 2002, ko a wani wuri, waɗannan makaman na iya sa a ce ƙodar ƙaninsa ba za ta zauna ba. Saboda haka ki riƙe wannan da kyau: idan an ce a kawo mai ba da jini, kamar yadda aka saba a asibitocinmu, kada a saka wa maigida jinin ƙanin nan. Ki sanar da likita tun yanzu cewa akwai mai niyyar ba da ƙoda a gida.

Ban ce a daina ƙarin jini kwata-kwata ba. Idan jini na zuba, ko yana haki daga zaune, ko ƙirji na ciwo, ko jinin ya faɗi ƙasa ƙwarai, leda ce ke ceton rai, kuma a nan ba a tsayawa tunanin dashe. In ta kama, an fi so a saka lokacin wanki, don na'ura ta janye ruwa da fotasiyam ɗin da ke zuwa da ita. PCV 21 ba ta da nisa da wannan iyakar, don haka kada ki yi mamaki idan likita ya ce a ƙara leda ɗaya yayin da ake fara allurar.

Hajiya uwa ce tana kallon ɗanta yana ƙanjamewa, abin da ta sani take yi. Da hanta da zogale ta ta da masu jego da yawa a rayuwarta, ta ga sun yi jini, to me zai sa ta yarda da surukarta? Bambancin shi ne masu jegon nan ƙodarsu lafiya lau. Ruwan zogale da dabino suna cike da fotasiyam, wanda in ya taru a jikin da ba ya fitar da shi yana iya tsayar da zuciya ba sallama, musamman a makon da sau ɗaya aka yi wanki. Hanta da madara suna da fosforas mai yawa, mai jawo ƙaiƙayi da lalata ƙashi. Maltina da madara kuwa, duk da sunan da suka yi a ƙasar nan, ƙarfen cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ruwa ne da suga, kuma ruwan ne zai taru masa a ƙafa da huhu. Sai dai ba daga bakinki ya kamata Hajiya ta ji wannan ba. Suruka ta faɗa, sai a ce rashin kunya ne. Alhaji ya faɗa, ko likita, sai ta saurara. Kuma kada a ce mata ta daina aikowa, a canja mata abin da za ta aiko. Mai wankin ƙoda na buƙatar abinci mai gina jiki fiye da yadda mutane ke zato: kaza, kifi, farin ƙwai, ɗan nama, da gishiri da dunƙule kaɗan, babu kanwa. Ganye in za a saka, a yanka a tafasa a zubar da ruwan farko. Ki nemi masanin abinci na asibitin ya rubuta muku adadin da ya dace da gwajinsa, a kai wa Hajiya takardar a ce likita ya ce ita za ta riƙa kula da wannan ɓangaren. Addu'arta ma ki riƙa nema a fili, a gaban mutane.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wanda bai ce komai ba. Ƙarancin jini kansa na kashe kuzari ya dusashe tunani, amma magidancin da ya saba ciyar da gida, yau ana gardamar kuɗin jinyarsa a kansa, "to" ɗinsa ba yarda ba ce. Damuwa mai tsanani ta yi yawa a tsakanin masu wankin ƙoda, kuma tana da magani. Ki same shi ku biyu, bayan yara sun kwanta, ki karanta masa wannan amsar, ki tambaye shi shi me yake so. Jikinsa ne. In ya yarda, shi ya roƙi yayansa ya raka shi asibiti, don roƙon ƙani ya fi naki nauyi a wajen Alhaji. Idan kuma kika ji yana cewa gara a bar shi ya huta, ko ya fara ƙin zuwa wanki, ki gaya wa likita.

Ranar zuwan, ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har tonik da na gargajiya, ku ajiye a gaban likita. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, PCV, feritin, TSAT, awon hawan jini, da ranar kowace leda da kowace allura. Ki bar Alhaji ya yi tambayar kuɗi da kansa: nawa allurar za ta ci a wata uku, nawa ledoji suka ci a wata ukun da suka wuce. In har yanzu bai gamsu ba, a nemi ra'ayin wani likitan ƙoda, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, maimakon abokin da ba fanninsa ba ne. Ku kuma tambayi ofishin inshorar lafiya, KADCHMA ko NHIA, ko akwai abin da za su ɗauke muku.

Allurar ƙarfen da aka fi amfani da ita a wajen wanki ita ce ayon sukuros, wasu sun fi saninta da Venofer. Sau da yawa ana ba da miligiram 100 a kowane zama har sau goma, ta cikin robar na'ura, ba sai an sake huda shi ba, daga nan a koma ɗan kaɗan lokaci-lokaci. A asibiti kaɗai ake yin ta, ba a kemis ba, ba a gida ba, don wani jikin kan ƙi ta nan take, da ƙaiƙayi, haki ko faɗuwar awon hawan jini. Shi ya sa ake sa ido a kan mutum bayan an yi. Ranar da yake zazzaɓi ko akwai alamar cuta a wurin robar wanki da ke wuyansa, a faɗa kafin a saka, dakatawa ake yi. Ƙarfe in ya yi yawa shi ma illa ne ga hanta, don haka ake maimaita feritin da TSAT aƙalla duk wata uku, kuma ba a ɗibar gwajin sai an yi kamar mako da allurar ƙarshe. Ki kuma roƙi ma'aikatan jinya su riƙa mayar masa da jinin cikin robobi tsaf a ƙarshen zama.

EPO kuma sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi, ba ta son daskarewa. Da irin wutarmu ta Kaduna, firjin gida ba abin amincewa ba ne. Ki tambaya ko sashen wankin zai ajiye muku, in kuwa daga waje za ku saya, ku je da kula mai ƙanƙara, ku duba lambar NAFDAC. Tana iya ta da hawan jini, wanda shi ne asalin ciwon maigida, don haka awo ba fashi. Kuma kada kowa ya sa rai jininsa ya kai na Alhaji. Da gangan ake tsayar da himogulobin, wani awon yawan jini, bai wuce 11.5 ba, wato PCV wajen 30 zuwa 34, don an ga tura shi sama da allura na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, ku faɗa wa likita ƙarara, kada ku karɓi takarda ku tafi ku yi shiru. Da TSAT 15, yawanci ƙarfen ake fara gyarawa, don EPO a jikin da babu ƙarfe asarar kuɗi ce. In ƙwayar ce kawai hali ya bayar a yanzu, a raba ta da shayi, madara da ƙwayar kalsiyam da awa biyu, kuma kada a haɗa ta da bitamin C mai yawa ba da izinin likita ba. In an yi wata biyu ko uku ana allura jinin bai motsa ba, sai a duba sauran dalilai: zubar jini a ciki, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin folik asid ko B12, ko kuma wankin ne bai isa ba, don dattin da ke taruwa a makon zama ɗaya shi ma yana danne ɓargo. Saboda haka duk yadda lissafi ya matse, kada a yanke zaman wanki don a sayi allura. Ke kuma ki nemi wani a dangi ya riƙa karɓarki rakiyar asibiti ko sau ɗaya a mako, ki auna hawan jininki tunda kina wurin, in sabon sakamakon ya fito ki aiko min mu duba tare.